Kafin Ɗalibin Ilimin Halittu Ya Cike Takardar Rajista

A farkon zangon karatun bana, 'yar yayata ta zo gaishe ni riƙe da takardar rajistar kwasa-kwasanta. Likitanci ta nema a jarrabawar JAMB, amma makinta bai kai ba, sai jami'a ta ba ta gurbi a sashen ilimin halittu, wato bayoloji. Da na tambaye ta yadda ta tsara karatunta, sai ta ce, "Kawu, ai zaman wucin gadi zan yi. Zan lallaɓa shekarar nan, baɗi in sake rubuta jarrabawa." Wannan amsa ta tayar mini da hankali matuƙa, domin a shekarun da na yi ina koyarwa na ga ɗalibai da dama da suka shigo da irin wannan niyya, suka ƙare ba tsuntsu ba tarko.

Ni dai fannina kimiyyar harshe ne, amma ƙa'idojin lissafin sakamako iri ɗaya ne a dukkan tsangayoyi, kuma na sha zama a teburin da ake yin wannan lissafi. Saboda haka abin da na faɗa wa yarinyar nan shi nake son in gabatar wa mai karatu, musamman iyaye da yayyen da ke da irin wannan ɗalibi a gida.

Mu fara da lissafi. Bisa tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, digirin ilimin halittu na shekara 4 yana buƙatar aƙalla yunit 120. Sakamakon A yana da maki 5, B yana da 4, haka har zuwa F da ba shi da ko ɗaya, kuma kowane maki ana ninka shi ne da yawan yunit ɗin kwas. A yawancin jami'o'inmu digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu babba kuwa daga 3.50. To, a ɗauka ɗalibi yana yin yunit 30 a kowace shekara, ya yi sakaci a aji ɗaya ya tashi da 2.00. Idan yana son ya fita da 3.50, wajibi ne ya riƙe 4.00 a dukkan shekaru 3 da suka rage, alhali a nan ne karatun ke ƙara tsauri. Shekarar da ɗalibai suka fi rainawa ita ce ke yanke musu hukunci, kuma dama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abu na biyu shi ne jerin kwasa-kwasan kansu. Sabon ɗalibi yakan yi mamakin ganin lissafi da fiziks da ilimin sinadarai sun cika jadawalinsa na aji ɗaya, har ya ɗauka ɗora masa su aka yi kawai. Hasali ma su ne harsashin ginin. Wanda bai fahimci sinadaran da suka ƙunshi kabon ba, zai sha wuya a aji biyu da aji uku idan aka zo bayanin yadda ƙwayar halitta ke sarrafa abinci ta samar da kuzari. Ilimin gado kuwa tun asalinsa a kan ƙirga aka gina shi, domin Gregor Mendel ƙirga tsirran wake ya yi har ya gano rabon 3 da 1 da ya wallafa a 1866. Haka kuma tun da aka kammala aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003, wani babban ɓangare na binciken halittu ya koma kan kwamfuta. Don haka idan an ba ɗalibi zaɓi, ya rungumi ilimin ƙididdiga da na kwamfuta, ko da abokansa sun ruga zuwa kwas ɗin da aka ce malaminsa yana da sassauci.

Bugu da ƙari, wasu kwasa-kwasan sharaɗi ne ga waɗansu, kuma akwai iyakar yunit ɗin da aka yarda ɗalibi ya ɗauka a zango guda, galibi 24. Wanda ya faɗi kwas biyu ko uku a aji ɗaya, dole ya fara rajistar su kafin sababbi, su kuma sababbin su tura waɗansu gaba. Da haka bashin ke bin ɗalibi har aji huɗu, ya wayi gari abokan karatunsa sun tafi bautar ƙasa shi yana zaman ƙarin shekara.

Abu na uku ya shafi fannina kai tsaye. Ilimin halittu yana ɗauke da dubban kalmomi na Latin da Girkanci, kuma hadda kaɗai ba ta ɗaukar wannan kaya. Ɗalibin da ya koyi saiwoyin kalmomi, ya san cewa "haemo" jini ne, "phyto" tsiro ne, "cyto" ƙwayar halitta ce, zai warware ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba. Tun daga 1753 da Carl Linnaeus ya daidaita bai wa tsirrai suna mai kalma biyu, kowane suna yana ɗauke da labari. Kukar da muke miya da ganyenta sunanta Adansonia digitata: kalmar farko don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, ta biyu kuma saboda ganyenta mai kama da yatsun hannu. Ɗorawa kuwa, Parkia biglobosa, sunan Mungo Park ta ci. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Ɗalibinmu da ya tashi yana sanin ƙuduji da sabara da kalgo ya shigo aji da jari, muddin ya koyi haɗa sunan gida da na kimiyya. Kuma kada ya raina kwas ɗin Ingilishi na bai-ɗaya, domin da wannan harshe zai rubuta rahoton gwaji da kundin kammala digiri.

Na huɗu, ya hango ƙarshe tun daga farko. Horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda galibi ake yi a aji uku, dama ce ta gwada fannin da mutum ke sha'awa. Mai son nazarin cututtuka ya nemi irin Cibiyar Binciken Cutar Sammore da ke Kaduna ko ta lafiyar dabbobi da ke Vom. Mai son tsirrai ya nufi Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru. Sannan ya tuna cewa halittu ba sa bin kalandar jami'a. Wanda zai yi bincike a kan ƙudujin da ke cin dawa da gero, ko a kan sauro, dole ya tattara samfurinsa da damina. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ya nuna mana yadda zangon karatu ke iya kauce wa yanayi, saboda haka a fara tuntuɓar malamai game da batun bincike tun kafin a kammala aji uku.

Su ma jami'o'inmu akwai nauyi a wuyansu. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na abin da za ta koyar. A ganina ya dace sassan ilimin halittu na Arewa su cike wannan gurbi da matsalolin da ke ƙofar gidanmu: kwararowar hamada, da kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, da zazzaɓin cizon sauro. Ya kuma kamata malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji ya riƙa zama da ɗalibai yana duba zaɓinsu, kada aikinsa ya tsaya ga sa hannu a takarda.

Ita dai 'yar tawa ban hana ta sake neman likitanci ba, domin buri ne mai kyau. Abin da na roƙe ta shi ne ta riƙe abin da ke hannunta da muhimmanci, ta yadda ko ta samu canjin ko ba ta samu ba, shekarar ba ta tafi a banza ba. Mun zauna mun zana kwasa-kwasan shekara 4 a takarda guda, muka ja layi daga kowane kwas zuwa wanda ya dogara da shi. Da ta ga yawan layukan da suka taso daga ilimin sinadarai na aji ɗaya, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kawu, ashe nan ne aikin yake." Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa mu dace.