Ɗan mishan ya kira ka cin injera: ka je ko kar ka je?

A Nima da Mamobi baƙo ba ya kwana da yunwa. To amma idan baƙon ne ya ɗora tukunya ya kira mu fa? Maganar da ake ta ja ke nan a unguwarmu, tun da wasu Habashawa Kiristoci, miji da mata, suka kama haya suna koyon Hausa kafin su wuce Arewa aikin mishan. Wata uwar ɗalibina ta tsare ni a ƙofar aji ta ce, "Malam, wannan abinci ba tarko ba ne kuwa?"

Ni dai na amsa gayyatar, na je. An kawo injera a babban tire, wata waina mai faɗi da ɗan tsami kamar sinasir, wadda ake yi da tef, hatsi mai ƙananan ƙwaya irin na acca. A kai aka zuba doro wat, miyar kaza da dafaffen ƙwai da yajin berbere. Maigidan ya naɗe loma ya miƙo bakina. Gursha suke ce mata, alamar girmamawa ce. Aka bi da gahawa zagaye uku da turaren wuta. Kazar kuwa wurin mahaucinmu suka yanko, don ko a Habasha Musulmi da Kirista kowa da mahaucinsa. Tej kaɗai za ka kiyaye in an miƙo, giyar zuma ce.

Ba su ɓoye niyyarsu ba, mu ma kar mu yi kamar ba mu gane ba. Hanyar tsohuwa ce. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Hausa, mafarin ƙungiyar SIM ke nan. A 1927 SIM ta shiga Habasha, aka samu cocin Kale Heywet, wadda yau ita ma take tura nata 'yan mishan ƙetare. Hausar da suke koya, don mu suke koyonta.

Amma mu ma muna da tarihi da Habasha. A shekara ta 615 sahabbai suka yi hijira can, sarki Najjashi, yana Kirista, ya ba su mafaka. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, bai rage komai daga aƙidarsa ba. Suratul Ma'ida, aya ta 5, ta halatta abincin Ma'abota Littafi. A nan Ankara ma, a 2019 Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King lokacin Ista, ya fito da rawaninsa da addininsa.

Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari a Ghana. Yaranmu da Kiristoci za su zauna aji ɗaya, su yi aiki ofis ɗaya, babu makawa. Yaron da nake jin tsoro a kansa shi ne wanda ba ya zuwa makarantar allo ran Asabar da Lahadi, wanda gidansu ba a ɗora tukunyar dare ba, wani ne ya fara tambayarsa, "Ka ci abinci?"

Don haka iyaye, in an kira ku, ku je da kanku, kar ku tura yara su kaɗai. Ku tambayi yanka, ku saurara da ladabi, ku amsa da ilimi. In Sallah ta zo, ku kai musu tuwo da nama. Sannan ku leƙa gidan maƙwabcin da ba ku ga hayaƙi ya tashi ba yau.