Daga Ina “Tsulum” Ke Fitowa?

Bahaushe bai tara ƙarar faɗawa cikin ruwa a kalma ɗaya ba. Ɗigon da ke sauka daga indararo cikin bokiti, ɗis yake yi. Tsakuwa in ta faɗa rijiya, sai a ce tsulum. Ƙaton dutse kuwa, ko yaron da ya yi tsalle cikin kududdufi, tsundum ne. Kunnen da ya rarrabe waɗannan ukun ya riga ya kama abin da masana kimiyya suka ɗauki shekaru suna bin diddiginsa. Sai dai in aka tambayi yawancinmu inda ƙarar ke fitowa, amsar ɗaya ce: dutse ya bugi ruwa. Wannan amsa ba ta cika ba. Mafi yawan abin da kunne ke ji muryar iska ce, iskar da dutsen ya ja ya nutse da ita.

Sauti dai girgiza ce. Makaɗi ya doki fatar kalangu, fatar ta kaɗa, ta tura iskar da ke kusa da ita, wannan ta tura ta gabanta, har abin ya iso dodon kunne da gudun da ya kai kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In ya matse igiyoyin kalangun a hammatarsa, fatar ta ɗame, ta kaɗa da sauri, murya ta sirance. In ya sassauta, ta yi kauri. Ke nan kafin a sami amo mai daɗewa, dole a sami abin da zai kai ya komo, ya matsu ya sake buɗewa. Dutse ba ya haka, ruwa ma da ƙyar yake matsuwa. Iska ce kaɗai a wurin ke da wannan hali.

Abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa aka daɗe ba a gan shi ba. A 1908 wani masani ɗan Ingila, Arthur Worthington, ya buga littafin hotunan da ya ɗauka da hasken tartsatsin lantarki, na ɗigo da ƙwallaye suna faɗawa ruwa. Hotunan sun nuna abin da ya faɗa yana haƙa rami a ruwan, rami mai cike da iska. Daga nan ruwan gefe ya rufto, ya shaƙe wuyan ramin, wani tsiri na ruwa ya yi sama, iskar ƙasa kuma ta zama kumfa a tsare. A 1933 Marcel Minnaert, wanda ke aiki a Holan, ya yi lissafin yadda irin wannan kumfa ke motsi: ruwa ya matse ta, ta tura shi baya, ya sake matsewa, kamar dai fatar kalangun nan. Kumfar da faɗinta milimita 2 ne tana kaɗawa sau 3,000 da ɗoriya a daƙiƙa. Mai faɗin santimita 2 kuwa sau 300 da ɗoriya kawai. Ga bambancin ɗis da tsundum nan a fili. Ɗigo ƙaramar kumfa yake kamawa, muryarta siririya. Babban dutse iska mai yawa yake ja, muryarta mai kauri.

Mai musu zai ce, ai in ka mari fuskar ruwa da tafin hannu nan take za ka ji ƙara, tun kafin wata kumfa ta haɗu. Gaskiya ne, karon yana da tasa ƙarar, amma gajera ce, fas kawai, ba ta da amo. Wani kuma zai ce bangon rijiya ne ke gyara muryar. Rijiya na ƙara amsa-kuwwa, ba shakka, amma ana jin tsulum a tsakiyar tafki inda babu bango ko ɗaya. Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito daga Jami'ar Kembirij a 2018, inda aka ɗauki ɗigon famfo da kyamara mai tsananin sauri, aka sa makirufo a sama da cikin ruwan. Saukar ɗigon kanta kusan shiru ce. Ƙarar ba ta tashi ba sai da kumfar ta haɗu a ƙarƙashi. Da aka zuba ɗan sabulun wanke-wanke a ruwan, ɗigon ya ci gaba da sauka da nauyinsa da gudunsa, amma ƙarar ta ɓace. Da karo ne ke yin ta, me zai sa sabulu ya kashe ta?

Kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin ilimin da ba ya tsinana komai. Masu binciken teku na auna ruwan sama a tsakiyar teku ta hanyar sauraron ƙarar ɗigo da kumfarsa a ƙarƙashin ruwa. Mai ga-ruwa ma, ba ya leƙa bakin jarka kafin ya san ta kusa cika. Yana jin murya na sirancewa yayin da iskar ciki ke raguwa. Haka mai jefa tsakuwa don sanin zurfin rami: abin da aka saki yana cin kusan mita 5 a daƙiƙar farko, kusan 20 a biyu, 44 a uku, kuma sautin na buƙatar abin da bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa ba ya hauro daga wannan zurfin. Mutanenmu na aiki da dokokin nan kullum, amma 'ya'yansu na haddace su a aji kamar baƙon abu daga wata duniya, kuma wannan asara ce babba.

Malaman kimiyya na firamare da sakandare, wannan darasi ba ya jiran ɗakin gwaji. Bokitin ruwa, tsakuwa manya da ƙanana, da ɗan sabulu sun wadatar. Ku sa yaran su rufe ido su faɗi girman abin da ya faɗa, sannan ku tambaye su dalili. Amma a yi shi a bokiti, a bar rijiyar da jama'a ke sha da tsabtarta.