KULA DA LAFIYAR KARE DA KYANWA A GIDAN MANOMI

Gabatarwa

Manoma da makiyaya a Jihar Gombe sun saba kai shanu da tumaki wurin allurar riga-kafi, sun kuma san ba su maganin tsutsar ciki a kan lokaci. Amma akwai dabbobi biyu da ke zaune a gida tare da iyali waɗanda ba a cika tunawa da lafiyarsu ba, wato kare da kyanwa, wadda ake kira mage ko kuliya. Kare shi ke gadin gida da garke da gona, shi ne kuma abokin tafiyar maharbi. Kyanwa kuwa ita ke tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓeraye, waɗanda bayan cin hatsi wani nau'insu ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Tun daga 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha gari yake ta faɗaɗa. Gidaje da yawa a bakin gari, kamar Tumfure, suna ajiye karen gadi, a tsofaffin unguwanni kuma irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana da Pantami kyanwa na shiga gida-gida. Cututtukan waɗannan dabbobi ba su tsayawa a kansu kaɗai, domin da dama daga ciki suna kama yara da kuma dabbobin kiwo. Saboda haka wannan jagora zai bayyana matakan riga-kafi masu sauƙin kuɗi da kowane magidanci zai iya ɗauka.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne ciwo mafi haɗari da kare ko kyanwa za su iya kawowa gida. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu, tana shiga jiki ta hanyar cizo ko yakushi ko lasar wurin da fata ta buɗe. Daga nan sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana a jikin mutum, kodayake takan yi saurin mako ɗaya ko ta yi jinkirin shekara guda. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira, walau mutum walau dabba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su suka fi wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa. Shanu da awaki da tumaki da jakuna su ma suna kamuwa idan mahaukacin kare ya cije su, don haka asarar takan haɗa da dukiya.

Alamomin ciwon a jikin kare iri biyu ne. A na farko halin karen yakan sauya, ya riƙa yawo ba dalili, yana cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, muryar haushinsa kuma ta canza. A na biyu karen yakan yi laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na dalala kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya. Wannan nau'i na biyu shi ya fi yaudarar mutane. Kada a kuskura a sa hannu a bakin irin wannan kare da sunan ciro ƙashi.

Allurar riga-kafi

Allurar riga-kafin haukan kare tsohuwar aba ce, domin tun a 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa mutum ita. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar dabbobi, kuma a can ake gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Ga ƙa'idojin da ya kamata a bi:

1. A yi wa ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa allurar farko idan ya cika wata 3.
2. A maimaita allurar sau ɗaya kowace shekara, ko da dabbar ba ta fita waje.
3. A yi allurar a asibitin dabbobi na gwamnati ko wurin likitan dabbobi mai rajista. Maganin yana bukatar sanyin da ke tsakanin ma'auni 2 zuwa 8, wanda ya sha zafi a kanti ko a aljihu ya riga ya lalace.
4. A karɓi katin shaida mai ɗauke da ranar allura, a adana shi tare da muhimman takardun gida.

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a yankin. Ke nan bai wadatar mutum ɗaya ya yi wa nasa ba alhali na maƙwabta na yawo haka nan. Masu unguwanni da ƙungiyoyin maharba da na manoma za su iya tara karnukansu rana ɗaya su gayyaci likita, abin da ke rage wa kowa kuɗi. Tun daga 2007 ake tunawa da wannan ciwo a duniya kowace ranar 28 ga Satumba, ƙasashe kuma sun ɗauki burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga gare shi zuwa 2030. Magidanci na iya mayar da wannan rana ta zama ta duba katin dabbobinsa.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum

1. Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Wannan wanki kaɗai yana rage ƙwayar cutar sosai.
2. A shafa aidin idan akwai, kada a ɗaure ciwon tamau.
3. A kai mutumin asibiti a ranar, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Gombe, ko asibiti mafi kusa. Allurar mutane ana yin ta ne a ranaku daban-daban: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara. Wajibi ne a kammala su.
4. A tsare dabbar inda ba za ta kai ga kowa ba, ana ba ta abinci da ruwa har kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi. Amma kada a jinkirta zuwa asibiti don jiran waɗannan kwanaki.
5. Idan dabbar ta mutu ko an kashe ta, kada a farfasa kanta, kada a feɗe ta, kada a sayar. Likita zai ɗauki kan domin gwaji.

Ɗora gashin karen a kan ciwo, ko shafa barkono da toka, ba su kashe ƙwayar cutar. Illarsu ita ce suna cinye lokacin da ya kamata a ce an fara allura.

Tsutsar ciki

'Yan kwikwiyo da yawa ana haihuwarsu da macijin ciki, domin suna ɗaukarsa tun a mahaifa ko ta nonon uwa. Alamunsa su ne kumburin ciki da rama da gashi maras sheƙi. Akwai kuma ƙananan tsutsotsi masu shan jini a hanji, waɗanda ke sa dasashi ya yi fari. Ƙwan tsutsotsin yana fita cikin kashi ya zauna a ƙasar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Abin da ya fi shafar makiyayi shi ne tsila. Idan aka jefa wa kare ɗanyar hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa, tsila takan girma a hanjinsa, ƙwanta kuma ya bi kashi ya gurɓata ciyawa da ruwan sha. Tunkiya ko saniya ko raƙumin da ya haɗiyi ƙwan sai ƙullutun ya fito masa a hanta da huhu, haka ma mutum. Wani nau'in kuma a ƙwaƙwalwar tunkiya yake zama, shi ke sa ta riƙa juyawa wuri ɗaya har ta mutu, kare kuwa yana samunsa ne daga cin kan irin wannan tunkiya. Don haka:

1. A fara ba ɗan kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, sannan kowane wata har ya kai wata 6.
2. Babban kare da babbar kyanwa a ba su duk bayan wata 3, bisa nauyin jikinsu. A tambayi likita maganin da ya haɗa da tsila, domin ba kowane ne ke kashe ta ba.
3. A dafa duk kayan cikin da za a ba kare. Wanda aka ga alamar cuta a jikinsa a ƙone ko a binne da zurfi, musamman lokacin layya da yanka ke yawa.
4. A hana karnuka zuwa kwata da bola.
5. A kwashe kashi kullum, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Kashin kyanwa na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke illata ɗan tayi. Ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewa kullum ke da amfani. Mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki.

Kaska da ƙuma da ƙazuwa

Kaska ta fi yawa da damina. Tana maƙalewa a kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu, tana kuma ɓuya a tsagar bango. Ban da shan jini, tana sa wa kare zazzaɓin da ke farfasa ƙwayoyin jini, har fitsari ya yi ja ko ruwan ƙasa. A duba jikin dabba sau ɗaya a mako, a cire kaska da hantsaki daga daf da fata, a jefa ta cikin kananzir ko wuta. A share makwanci, a liƙe tsagogin bango, a shanya buhun kwanciya a rana domin kashe ƙuma.

A nan ya kamata manoma su yi hattara ƙwarai. Maganin feshin wake ko auduga, da ota-fiya-fiya, da baƙin mai, ba a yi su don jikin dabba ba. Suna ratsa fata, dabbar kuma tana lasar jikinta, sai guba ta kashe ta ko ta taɓa yaran da ke wasa da ita. Haka nan wasu magungunan kaskar kare guba ne ga kyanwa. Idan gashi na zubewa ana yawan susa, yana iya zama ƙazuwa ko makero, kuma maganinsu ya bambanta, saboda haka a bar likita ya tantance. Makero na kama yara cikin sauƙi.

Cututtukan 'yan kwikwiyo

Akwai cutar amai da gudawar jini mai wari, wadda likitoci ke kira fabo, da ke kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Akwai wata kuma mai kawo zazzaɓi da kwantsa da majina, daga baya ta jawo farfaɗiya. Allura guda ce ta haɗa riga-kafinsu. Ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har zuwa mako 16. Kafin a kammala, kada a bar ɗan kwikwiyo ya cuɗanya da baƙin karnuka.

Abinci da ruwa da makwanci

Karen da ba a ciyar da shi a gida dole ya fita kiwo a bola, can kuma yake haɗuwa da cizo da tsutsa da guba. Tuwo da miyar da suka rage suna da amfani, amma a haɗa da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai ko wake. Kyanwa ba ta rayuwa lafiya a kan hatsi kaɗai, dole sai da nama ko kifi. A guji ba su abinci mai yawan albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata musu jini, haka ma dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soki hanji. Kada a ba dabba maganin mutane. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya na iya kashe kyanwa. Idan an sa maganin ɓera a ɗakin ajiya, a rufe ɗakin, a kuma binne matattun ɓerayen.

Da bazara zafin Gombe yakan kai ma'auni 40. Kare ba ya fitar da zafi ta gumi kamar mutum, sai ta haki, don haka a tanadar masa inuwa da ruwa mai tsabta dare da rana, kada a ɗaure shi a rana ko a kan siminti mai zafi.

Karya da kyanwa suna ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma suna iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. 'Ya'yan da aka zubar a bola su ne ke zama karnukan da ba su da mai su, waɗanda ba wanda zai kai su allura. Wanda ba ya bukatar ƙari ya kai dabbarsa likita ya yi mata aikin hana haihuwa. Dandaƙar gida da reza na jawo zubar jini da ruɓewar ciwo.

Jadawalin shekara

Maris zuwa Mayu: inuwa da ruwa, maganin tsutsa kafin saukar damina.
Yuni zuwa Agusta: duba kaska da ƙuma kowane mako, busasshen makwanci, maganin tsutsa.
Satumba zuwa Nuwamba: duba katin allura a sabunta, maganin tsutsa, nesanta dabbobi da maganin adana hatsi lokacin kaka.
Disamba zuwa Fabrairu: buhu ko tsumma ga ƙanana saboda hunturu, maganin tsutsa, tabbatar da allurar karnukan farauta kafin shiga daji.

Kammalawa

Kuɗin allurar kare ɗaya a shekara bai kai na yi wa mutum ɗaya da aka ciza allurai ba, balle asarar rai ko ta saniya. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Duk dabbar da ta ƙi cin abinci fiye da kwana ɗaya, ko take amai da gudawa, ko halinta ya sauya farat ɗaya, a keɓe ta daga yara a nemi likita. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi asibitin dabbobi na jiha da ke Gombe, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, ko malamin gona mafi kusa.