Shara a Bakin Iyaka: Wa Ke Da Alhakin Kwashe Ta?

Ya kai mai karatu, ko a Jibiya kake ko a Madarunfa, ko a Illela ko a Birnin Ƙonni, ka san jujin da ke bayan kasuwa da kwatar da leda ta toshe. Idan aka tambayi wanda ya kamata ya kwashe, akan ce gwamnati. To amma gwamnati hawa-hawa ce, kuma dokokin Najeriya da na Nijar sun raba wannan aiki, kowane mataki da nasa kason. Wanda bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kukansa ba ya isa inda ya dace.

Abin da ya haɗa mu

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ya wuce Maraɗi, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ya haɗe da kogin Rima. Duk abin da aka zuba masa a wani gari, gari na gaba ne zai sha.

Hanyar da shara ke zama cuta a bayyane take. Idan ta toshe magudanar ruwa, ruwan damina ya rasa hanya, sai ya malala cikin unguwa, ya cika masai, ya kwashi najasa zuwa rijiyoyin da ba su da murfi. Daga nan kwalara da taifot ke samun ƙofa. Kududdufin da ya rage shi ne makwancin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Juji kuwa matattarar ƙuda ce da ɓeraye, kuma ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Annobar kwalarar da ta auka wa yankin Madarunfa a 2018 ta zo ne daidai lokacin da cutar ke yaɗuwa a jihohin arewacin Najeriya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kason hukumar da ta fi kusa da kai

A Najeriya, jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai kwashe shara, kula da magudanar ƙazanta, samar da makewayin jama'a, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta. Saboda haka jujin kasuwar garinku aikin ƙaramar hukuma ne, ita da ke karɓar kuɗin rumfa. Ma'aikacin da za ka fara nema shi ne duba-gari, wanda ke da ikon duba tsaftar gida da wurin sana'a, ya ba da gargaɗi, ya kai mai taurin kai kotu.

A Nijar, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora kula da tsaftar gari a kan ma'aikatar magajin gari. Ita ce ke da alhakin keɓe wurin zuba shara, da tsara kwashe ta, da yashe kwatoci. A wurare da dama masu amalanke ne ke bi gida-gida a kan ɗan kuɗi. Ɗauke sharar daga matattara zuwa babban juji a bayan gari yana kan ma'aikatar.

Kason jiha da gwamnatin ƙasa

A manyan birane aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma guda, shi ya sa jihohin Najeriya suka kafa hukumomi na musamman, irin su REMASAB a Kano. Gwamnatin tarayya ita ce mai tsara ƙa'ida, kuma a 2007 ta kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli. A Nijar akwai babbar dokar muhalli ta 1998, sai kuma dokar 2014 da ta haramta ƙerawa da shigowa da sayar da ledar nan marar kauri. Kowa ya shiga kasuwa ya san ledar ba ta ɓace ba. Hani a gefe guda yana da wuyar tabbata matuƙar kayan na shigowa daga ɗaya gefen.

Akwai inuwar da za a tattauna irin wannan. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, kuma a 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba moriyar ruwan da ya haɗa su da kiyaye shi, har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

Shara mai guba

A 1988 aka gano dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. A wannan shekarar Najeriya ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigowa da irin wannan shara ko zubar da ita. A 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta. Ta hana a tsallakar da shara mai haɗari zuwa wata ƙasa sai da sanin hukumominta da yardarsu a rubuce. A 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako, suka haramta shigo da irin wannan shara nahiyar.

A garuruwanmu gubar takan zo ne a ƙananan kaya: tsohon batirin mota, mataccen kayan lantarki, baƙin mai, da jarkokin maganin feshi. Kada ka zuba ruwan sha ko man girki a jarkar maganin feshi, komai yawan wankin da ta sha. Kada a fasa batir a cikin gida. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Sharar asibiti

Wannan nauyi a kanmu yake, mu ma'aikatan lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti kamar ta gida take, kashi 15 kuma mai haɗari ne. Wajibi ne a raba su tun a ɗakin da aka yi aikin. Allura da sirinji da reza wurinsu akwatin kwali mai kauri, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Auduga da bandejin da suka taɓa jini wurinsu jakar ruwan ɗorawa. Daga nan sai a ƙone su a maƙonar da aka gina domin haka, ko a binne a rami mai shinge nesa da rijiya. Wannan ƙa'ida ta hau kan asibitin gwamnati da na kuɗi da mai kemis. Allurar da aka yar a juji tana iya sa wa yaro ko ɗan bola-jari ciwon hanta ko ƙanjamau. Idan ka ga irin wannan, kada ka taɓa. Sanar da shugaban asibitin da kwamitin lafiya na mazaɓarku.

Naka kason

Ka tara sharar gidanka a mazubi mai murfi, ka kai ta inda hukuma ta keɓe. Ka ware toka da kashin dabbobi da ragowar abinci domin takin gona, amma a tsince leda da kwalba da batir kafin a kai. Kada ka zuba shara a kwata da fatan ruwan sama zai tafi da ita, domin ƙofar maƙwabcinka zai kai ta. Kada ka ƙona leda ko taya a tsakar gida: hayaƙinsu na tayar da asma, yana cutar da huhun yara. Idan an kwashe masai, ka tambayi inda za a zubar, kada ya zama bakin gulbi.

In juji ya fi ƙarfin unguwa, ku haɗu ku rubuta takarda, ku faɗi wurin da tsawon lokacin da ya yi ba a kwashe ba. Ku bi ta hannun mai unguwa ko maigari zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar magajin gari, ku riƙe kwafi, ku koma ku bi sawu. Ku yi haka tun da bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Idan kuwa wani a gidanku ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ku ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ku garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake.