Yadda Ake Sa wa Rake Cuta da Gangan a Indiya

A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, wani irin rake mai suna Co 0238, wanda aka fitar a 2009, ya mamaye mafi yawan gonakin rake saboda zaƙinsa da yawan amfaninsa. Sai cutar jan ruɓewa ta kama shi. Wata funfuna ce ke haddasa ta: cikin karan ya yi ja da ɗigon fari, ya riƙa tsami, sukarin ya lalace.

Tunda da gaɓa ake dasa rake, gona guda tamkar tsiro ɗaya ce da aka yayyanka. Da zarar funfunar ta sauya kama ta iya karya garkuwarsa, duka gonakin sun shiga uku.

Shi ya sa a cibiyar kyautata irin rake ta Coimbatore, wadda aka kafa a 1912, ba a sakin sabon iri sai an jarraba shi. Masana kan huda kara, su ɗura ruwan ƙwayoyin cutar, su toshe ramin. Bayan kwana 60 sai a tsaga shi a ga gaɓa nawa jan ya ƙetare, a ba shi maki daga 0 zuwa 9. Wanda ya ruɓe sosai an yar da shi, kome zaƙinsa.

Ana kuma duba ƙwayoyin halittar iri-iri don gane waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, a haɗa su da raken daji, wanda ba shi da zaƙi amma yana da juriya.