Katin sauti biyu a kwamfuta ɗaya: Darasi daga ƙananan situdiyon Ikorodu da Agege

A unguwar Ipakodo da ke Ikorodu ne Muryar Najeriya, wadda ta fara aiki a 1961, ta kafa tasharta ta tura shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, ciki har da na Hausa. A wancan zamani, ɗaukar murya mai tsabta aiki ne na gidan rediyo mai manyan na'urori da injiniyoyi. Yau kuwa, a unguwar Sabo ta Ikorodu, da Agege da Mile 12, inda Hausawa suka daɗe suna zaune, ɗaki guda da kwamfuta da makirfo da wani ɗan akwati sun isa a ɗauki karatun malami, ko tallan ɗan kasuwa, ko waƙar biki.

Wannan ɗan akwati shi ne katin sauti na waje, wanda ake jonawa ta kafar USB. Duk wanda ya saye shi yakan fara da tambaya ɗaya: shin sai an kashe katin da ya zo cikin kwamfutar? Tambayar ta shafi ma'aikatan Abuja, musamman hadiman da ake ɗora wa ɗaukar saƙon Sallah na maigida da safe, su kuma haɗa masa taron Zoom da rana, duk a kwamfuta ɗaya.

A da, katin sauti abu ne da ake saye daban, kamar Sound Blaster na kamfanin Creative da ya fito a 1989. Bayan da Intel ya fitar da tsarin AC'97 a 1997, sannan HD Audio a 2004, sai masu ƙera kwamfuta suka koma dasa shi a jikin allon na'urar, galibi ƙirar Realtek na Taiwan. Irin wannan ya wadatar wajen sauraro, amma yana zaune ne a tsakiyar hanyoyin wuta, don haka yakan kwaso ƙara ya cakuɗa da murya. Ƙaramar kafarsa kuma ba ta iya ba da wuta mai ƙarfin bolt 48 da makirfon situdiyo ke bukata. Katin waje, irin Focusrite Scarlett ko Behringer, yana da kafar XLR mai baki uku, yana ba da wannan wuta, kuma yana ƙara wa murya ƙarfi kafin ta shiga kwamfuta.

Amsar tambayar ita ce babu bukatar kashe ko ɗaya. Windows na iya riƙe katunan biyu lokaci guda, abin da ake so kawai shi ne a raba musu aiki. A sashen sauti na saitin kwamfuta, a bar katin ciki a matsayin na yau da kullum, domin ƙarar shigowar saƙon WhatsApp da kiran waya da bidiyon YouTube su bi ta nan. Sannan a buɗe manhajar ɗaukar murya, ko Audacity ce ko Cubase, a zaɓa mata katin waje a wajen shigar sauti da fitarsa. Tun daga 2018, Windows 10 ya ba da damar ware wa kowace manhaja katin da za ta yi amfani da shi.

Inda ake samun tangarɗa shi ne a ce makirfo na katin waje, lasifika kuma na katin ciki, a ɗauka guda. Kowane kati yana da nasa agogon da yake ƙidaya sauti da shi, kuma agogo biyu ba sa tafiya daidai wa daida. Idan ɗaukar ta yi tsawo, sai a fara jin ƙas-ƙas, ko murya ta zame daga kan kiɗa. Tsarin ASIO na kamfanin Steinberg na Jamus, wanda manhajojin ƙwararru ke dogara da shi, direba ɗaya yake karɓa a lokaci guda. Manhajar ASIO4ALL na iya haɗa katunan, haka ma kwamfutocin Apple, amma wanda ke ɗaukar tafsirin awa biyu gara ya tsaya kan kati ɗaya.

Sai batun yawan ƙidayar. Faifan CD na amfani da 44,100 a daƙiƙa, bidiyo kuma 48,000. Idan aka ɗauki murya a kan na farko aka kunna ta a kan na biyu ba tare da sauyawa ba, sai ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, dattijo ya koma magana kamar saurayi. Wanda aikinsa zai ƙare a Facebook ko talabijin, ya daidaita katunan biyu da manhajar a kan 48,000. Idan kuma mai magana yana jin muryarsa na dawo masa a makare, ya danna maɓallin sauraro kai-tsaye da ke jikin katin waje.

Wutar lantarki ma tana da nata rabon. Wutar Najeriya na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce ake ji tana gunji a ƙarƙashin murya, musamman idan kwamfuta da lasifika suna kan soket daban-daban. A haɗa su a soket ɗaya, ko a zare caja a yi ɗaukar da batir. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don maganin ƙara, domin ita ce ke kare mutum daga jan wuta.

Ga ma'aikacin gwamnati, babban haɗarin na sirri ne. Mutum zai rage makirfon katin waje ya ɗauka ya yi shiru, alhali Zoom na sauraro ta makirfon jikin kwamfutar, maganar ofis ta fita ga mahalarta taro. Kafin kowane zama, a duba wane makirfo manhajar ta zaɓa, a kuma rufe baki daga cikin manhajar kanta.

Mai neman katin zai same shi a Computer Village da ke Ikeja, ko kasuwar Alaba da ke Ojo, ko Banex a Wuse II. Ya je da kwamfutarsa, ya gwada kowace kafa da maɓallin bolt 48 kafin ya biya, ya kuma sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Katin ciki kuwa a bar shi a kunne, domin ranar da wayar USB ta lalace ana saura minti biyar taro, shi ne zai fitar da hadimi kunya.