Huda ƙarfe da tartsatsin lantarki: yadda ake rama abin da wuta ta ci

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Alli yana gajercewa yayin da ake rubutu da shi a kan allo. Bakin hauya yana ƙarewa a gona. Duk makamin da ke cin wani abu, shi ma ana cin sa. Wannan darasi zai bayyana maka yadda hakan ke faruwa wajen huda ƙarfe da wutar lantarki, da dabarun da ake bi don kada aikin ya ɓaci.

Dubi hannun mai walda

Idan kana Tabla, ko ka je Baleyara ko Filinge, tsaya wurin mai walda lokacin da yake gyaran amalanke ko ƙofa. Sandar waldarsa tana narkewa, tana gajercewa. Saboda haka yake sauko da hannunsa a hankali, domin tazarar da ke tsakanin sanda da ƙarfe ta tsaya yadda take. Idan bai sauko ba, wutar za ta yanke. Idan ya yi gaggawa, sandar za ta manne.

Mene ne huda da tartsatsi?

A manyan masana'antu akwai injin da ke huda ƙarfe ba tare da ya taɓa shi ba. Ana kawo siririyar sanda, ta jan ƙarfe ko ta wani ƙarfe mai jure zafi da ake kira tangistin, kusa da ƙarfen da za a huda. Ana sa mai ko tataccen ruwa a tsakaninsu. Sai tartsatsin lantarki ya riƙa tsallakawa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane tartsatsi yana narkar da ɗan ƙanƙanin ƙarfe, ruwan kuma ya wanke shi.

Wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Boris Lazarenko da matarsa Nataliya, su ne suka gano yadda za a sarrafa wannan wuta a shekarar 1943. Da wannan hanya ana huda ƙarfe komai taurinsa, kuma ramin yana iya zama siriri kamar gashin kai.

Ina matsalar take?

Mai walda yana son sandarsa ta narke, domin da ita yake haɗa ƙarfe. A nan kuwa ba a so, amma tartsatsi yana cin ɓangarorin biyu. Sandar tana raguwa a tsawo, bakinta kuma yana dakushewa. Idan ba a kula ba, ramin ba zai kai zurfin da ake so ba, kuma siffarsa za ta canza.

Ga misali na lissafi. A ce ana son rami mai zurfin awo 10, kuma duk lokacin da aka haƙa awo 10, sanda tana rasa awo 1. Idan inji ya tura sandar awo 10 kawai, ramin zai gaza. Dole a tura ta awo 11: goma na rami, ɗaya na ramuwa.

Hanyoyin ramuwa

1. Awo. Inji yana dakatawa, ya kai bakin sanda ya taɓa wani wuri da aka san tsayinsa. Ta haka ake sanin yawan abin da ya ragu.
2. Lissafi tun farko. Ana gwaji a gano yadda sandar ke ƙarewa, sannan kwamfuta ta riƙa tura ta kaɗan-kaɗan yayin aiki.
3. Ƙirga tartsatsi. Daga yawansa ana ƙiyasta abin da wuta ta ci.
4. Shara siririya. Ana cire ƙarfe hawa-hawa, a kai a komo, domin bakin sanda ya ƙare daidai ta kowane gefe. Farfesa Takahisa Masuzawa da abokan aikinsa a Jami'ar Tokiyo ta ƙasar Japan sun bayyana wannan hanya a 1998.
5. Gyaran baki. Ana fiƙe sandar, kamar yadda ake fiƙe fensir, ko a kawo sabuwa don kammala aiki.

Me ya shafe ka?

A cikin injin gazuwal, na mota ko na niƙa, akwai bakin da ke fesa mai, wanda makanikai ke kira injekta. Ramukansa ƙanana ne ƙwarai, faɗin kowanne bai kai rabin milimita ba, kuma da tartsatsi ake huda da yawa daga cikinsu. Idan ramukan suka faɗaɗa ko suka toshe, mai ba zai ƙone da kyau ba. Injin zai yi baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, kuɗinka ya tafi a banza.

Don haka:

- Ka tace gazuwal, kada ƙura ko ruwa su shiga tanki.
- Ka canza matatar mai a kan lokaci.
- Kada ka soka allura ko waya a ramin injekta. Ka kai wa makaniken da ke da na'urar gwada shi.

Tambayar nazari

Ana son rami mai zurfin awo 30, kuma sanda tana rasa awo 1 a kowane awo 10 da aka haƙa. Awo nawa za a tura ta? Ka rubuta amsar a littafinka, ka nuna wa malaminku.